Linux: Yadda ake zaɓe da ɗora babbar manhaja ta kyauta a kan tsohuwar kwamfuta

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna nan suna aiki, sai dai duk wata kafa da ɓata-gari suka gano a cikinta daga wannan rana ba za a toshe ta ba, in ban da ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na kamfanin. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ta zo da sharuɗɗa: tana neman wani guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, da ba ta gaza gigabait 4 ba, da ma'aji mai gigabait 64, sannan firosesar Intel ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda ake sarowa daga Legas ko Kano har su iso shagunan buga takardu da makarantu a Sabon Birni da Isa, sun girmi waɗannan sharuɗɗa.

Mai irin wannan kwamfuta zai iya ci gaba da tsohuwar manhajarsa bisa kasada, zai kuma iya sayen sabuwar na'ura idan aljihu ya yarda. Hanya ta uku ita ce ya ɗora mata wata babbar manhajar da ba a biyan kuɗin lasisinta, wadda kuma har yanzu ake kula da tsaronta. Mafi shahara a cikin irin waɗannan ita ce Linux.

Asalinta

Babbar manhaja ita ce uwar dukkan manhajojin da ke cikin na'ura. Ita ke tayar da kwamfuta, ta raba wa kowane aiki rabonsa na ƙwaƙwalwa, ta adana fayil, ta yi magana da firinta da allon madannai. A shekarar 1969 wasu masana biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka soma gina wata babbar manhaja a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, wadda aka sa wa suna Unix. Tsarinta ya karɓu ƙwarai a jami'o'i, amma mallakar kamfani ce, kuma lasisinta na da tsada. A 1983 Richard Stallman ya shelanta aikin GNU da nufin gina makamanciyar Unix wadda kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma rarraba. Aikin ya samar da kayayyaki masu yawa, amma zuciyar manhajar, wato ɓangaren da ke hulɗa da ƙarafan na'ura kai tsaye, ba ta kammalu ba. Wannan giɓi ne wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya cike, bayan ya sanar da aikinsa a ranar 25 ga Agustan 1991. A shekarar da ta biyo baya ya saki aikin a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta da ya bar gyaran a buɗe ga kowa.

Wannan sharaɗi shi ne ainihin ma'anar kyautar. Wanda ya kwafi Linux ya ɗora wa kwamfuta goma, ko ya bai wa maƙwabcinsa a filashi, bai karya dokar kowa ba. Ya bambanta da mai amfani da Windows ɗin da aka fasa makullinta, wadda sau da yawa manhajar fasa makullin kanta ke zama ƙofar da cuta ke shigowa.

Akwai kuma dangin BSD, irin su FreeBSD da NetBSD da suka bayyana a 1993, da OpenBSD da ta biyo bayansu, waɗanda suka samo tushe daga Unix ɗin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Suna da inganci a kan manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet, amma a kan laftof sukan ba da wahala wajen gane na'urar Wi-Fi da makamantanta. Sabon shiga ya bar su sai gaba.

Linux ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da ba a san sunanta ba: kowace wayar Android a kan zuciyar Linux take tafiya. A 2007 ma an raba wa ɗaliban wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci na shirin nan na bai wa kowane yaro laftof ɗaya, kuma Linux ce a cikinsu.

Abin da ƙasar Gobir ke buƙata daga kwamfuta

Yawancin jagororin ɗora Linux an rubuta su ne domin mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa kuma ba a auna masa ita da awo. Halin da ake ciki a gabashin Jihar Sakkwato daban ne. A Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, inda kufan Alƙalawa yake, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da maƙwabciyarta Isa, mai shagon kwamfuta ya fi dogara da janareta ko sola, data kuwa a waya ake sayenta kaɗan-kaɗan. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suna ciki. Duk wanda aikinsa ya rataya a kan intanet a wancan lokaci ya ɗanɗana kuɗarsa.

Saboda haka ma'aunin zaɓe a nan ba kyan fuska ba ne. Manhajar da ta dace ita ce wadda za a ɗora daga filashi ba tare da intanet ba, ta zo da kayan rubutu da na lissafi a cikinta, ta yi sauƙi ga na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma ta yi shekaru ba ta nemi a sake ta ba. Tafiya Sakkwato ta Goronyo da Wurno don kawai a gyara kwamfuta ba ƙaramin al'amari ba ne a wannan zamani.

Wanne nau'i za a ɗauka

Linux ba guda ɗaya ba ce. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban kan ɗauki zuciyar su haɗa ta da sauran manhajoji, kowa ya fitar da nau'insa. Nau'o'in sun kai ɗaruruwa, amma kaɗan ne suka shafi wannan batu.

Debian tana cikin dattawansu. Ian Murdock ne ya kafa ta a 1993, 'yan sa-kai ke tafiyar da ita, kuma an san ta da natsuwa: ba ta gaggawar kawo sabon abu sai an gwada shi sosai. Daga fitowa ta 12, a Yunin 2023, ta soma haɗa ƙananan manhajojin da na'urorin Wi-Fi ke buƙata a cikin faifan ɗorawa, abin da ya rage wa sababbin shiga ciwon kai. Mai son ta a wurin da babu intanet ya nemi babban hoton nan na DVD, domin ƙaramin da ba ya kai gigabait ɗaya yana jawo sauran kayansa ne daga intanet a lokacin ɗorawa.

Ubuntu daga Debian aka tsago ta. Wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da ita a Oktoban 2004 ta hannun kamfaninsa Canonical, sunan kuma daga harsunan Zulu da Xhosa yake, ma'anarsa na kusa da mutuntaka. Tana fitowa duk wata shida, amma wadda ake nema ita ce mai dogon wa'adi, mai alamar LTS, da ke fitowa a Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kuma kula da tsaronta shekara biyar. Aibinta nauyi ne: hoton 24.04 ya kusa gigabait 6, kuma fuskarta na son RAM gigabait 4 zuwa sama. Ƙannenta Xubuntu da Lubuntu sun fi ta sauƙi.

Linux Mint, wadda Clément Lefebvre ya soma a 2006, a kan Ubuntu mai dogon wa'adi aka gina ta. Ga wanda ya saba da Windows, ita ce ta fi sauƙin sabo, domin jerin manhajoji na ƙasa ta hagu, agogo na ƙasa ta dama, kamar yadda ido ya saba. Hotonta bai wuce kimanin gigabait 3 ba, tana zuwa da LibreOffice a ciki, kuma jerin Mint 22 na da kulawa har 2029. Fuska uku take da su: Cinnamon ga na'ura mai RAM gigabait 4 ko fiye, sai MATE da Xfce ga wadda ba ta kai haka ba. Ga shagon buga takardu ko ofishin makaranta a Isa, da wuya a samu abin da ya fi Mint mai fuskar Xfce dacewa.

Fedora da Arch suna da masoya, amma ba na nan ba ne. Kowace fitowar Fedora wata goma sha uku kacal ake kula da ita, Arch kuwa kullum cikin sabuntawa take, duk kuma data ce ke tafiya.

Saura kwamfutocin da suka tsufa ƙwarai, masu firosesa mai bit 32. Ubuntu da Mint sun daina yi musu fitowa, Debian ma ta bar su daga fitowa ta 13 a Agustan 2025. Daga cikin abin da ya rage musu akwai Debian 12 da antiX, wadda aka yi ta musamman domin irin waɗannan tsofaffin na'urori.

Wanda bai kamata ya yi gaggawa ba

Manhajar da aka rubuta domin Windows ba ta tafiya a Linux kai tsaye. Microsoft Word da Excel suna da madadi a LibreOffice, wadda ke buɗe fayilolinsu ta kuma adana a sigarsu, ko da yake takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan goce. CorelDRAW kuwa, wadda ita ce jarin masu tsara katin biki da kalanda da fosta, ba ta da fitowar Linux. Inkscape na iya yin aikin, tana ma buɗe wasu fayilolin Corel, amma hannun da ya shekara goma a kan Corel sai ya koma makaranta. Haka nan manhajojin ɗaukar hoton yatsa da hukumomi ke bayarwa domin rajista galibi don Windows aka yi su. Mai shagon da abincinsa ke fitowa daga ɗaya daga cikin waɗannan ya bar Windows a kan kwamfuta guda, ya mayar da sauran Linux, ko kuma ya zaunar da su biyun a na'ura ɗaya, yana zaɓar wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna.

Shiri kafin a taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne a kwashe duk wani fayil mai muhimmanci zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu. Mafi yawan kukan da ake ji bayan ɗora Linux ba daga manhajar yake ba, daga sakamakon jarrabawa ne ko hotunan biki da aka share da hannu. Idan faifan Windows na kulle da BitLocker, a rubuta lambobin buɗe shi guda 48 a takarda tukuna.

Sai sauke hoton manhajar, wanda fayil ne guda mai ƙarewa da ISO. A ɗauko shi daga shafin masu ita kawai, kuma ya fi kyau a yi hakan a inda intanet ke da ƙarfi, kamar Sakkwato ko Maraɗi, sau ɗaya, sannan a rarraba wa kowa. Kowane hoto yana da wata doguwar lamba ta tantancewa mai suna SHA256 da ake wallafawa tare da shi. Idan aka lissafa ta fayil ɗin da aka sauke ta yi daidai da wadda ke shafin, to fayil ɗin lafiya lau yake. Inda layi ke yawan yankewa a tsakiyar saukewa, tsallake wannan mataki ganganci ne, domin gurguwar ISO takan soma aiki lafiya sannan ta tsaya a rabin hanya.

Ana buƙatar filashi mai gigabait 8. Manhajar Rufus ko balenaEtcher za ta rubuta hoton a kansa, kuma duk abin da ke cikin filashin zai goge. Ga mai gyaran kwamfuta, Ventoy ta fi amfani: sau ɗaya ake shirya filashin da ita, daga nan sai a riƙa jefa hotuna iri-iri a ciki kamar sauran fayiloli, Mint da Debian da antiX duk a wuri guda.

Ɗorawa

A soke filashin, a kunna kwamfuta, a yi ta danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12. Idan filashin ya ƙi bayyana, sai a shiga saitin BIOS, ta F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Ubuntu da Mint da Debian suna tashi ko da tsaron Secure Boot na kunne, wasu ƙananan nau'o'in kuwa sai an kashe shi. Idan manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga faifan ciki ba, galibi saitinsa na kan RST ne ko RAID, ana so a mayar da shi AHCI. Sai dai wanda zai ci gaba da Windows ya yi hattara, domin wannan canji kan hana ta tashi idan ba a shirya ta ba.

Babbar falalar Mint da Ubuntu ita ce suna tashi daga filashi su yi aiki ba tare da sun taɓa faifan ciki ba. A yi amfani da wannan dama sosai. A gwada sauti da Wi-Fi da kyamara, a haɗa firinta a buga shafi, a duba ko batir na nuna caji. Abin da ya ƙi aiki a wannan gwaji ba lallai ya gyaru da kansa bayan ɗorawa ba, kuma gara a sani tun Windows na nan.

Idan an gamsu, sai a danna alamar ɗorawa. Za a tambayi harshe da tsarin allon madannai. A nan mutanen bakin iyaka su lura: laftof ɗin da ta shigo ta Nijar takan zo da madannan Faransanci, waɗanda layinsu na sama ke farawa da AZERTY, don haka a zaɓi tsarin da ya dace da abin da ke rubuce a kan maɓallan, in ba haka ba kalmar sirrin da aka saka za ta ƙi buɗewa daga baya. Wajen lokaci a zaɓi Legas, ko Yamai, duk agogo ɗaya ne.

Mataki mafi haɗari shi ne rabon faifai. Zaɓi na farko yana share komai ya bai wa Linux faifan gaba ɗaya. Na biyu yana matse Windows gefe ya zaunar da Linux kusa da ita, kuma kafin a yi shi ana so a kashe saitin tashi da sauri na Windows, wanda ke barin faifan a rabin kulle. Na uku na masu rabawa da hannu ne: ƙaramin yanki na EFI domin tashi, yankin manhaja mai gigabait 30 zuwa 50, sauran kuma a bai wa yankin gida inda fayilolin mutum ke zama. Amfanin ware yankin gida shi ne ko an sake ɗora manhaja nan gaba, takardu na nan inda suke. Tsarin ajiya na ext4, wanda shi ne waɗannan nau'o'i ke zaɓa da kansu, yana riƙe da rajistar abin da yake shirin rubutawa, saboda haka yakan farfaɗo da sauri bayan ɗaukewar wuta. Amma wannan kariya ba ta shafi lokacin da ake yanka faifan ba. Idan wuta ta yanke a daidai wannan lokaci ana iya rasa Windows da Linux baki ɗaya. Laftof mai mataccen batir, ko kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, kada a soma mata wannan aiki sai an tabbatar janareta na da isasshen mai.

Kwafin kansa bai cika wuce rabin awa ba. Da ya ƙare sai a zare filashi a sake kunnawa.

Bayan an ɗora

Sabuntawar farko takan ci ɗaruruwan megabait, don haka a yi ta a inda data ke da sauƙi. Idan Wi-Fi ya ƙi, musamman a laftof masu na'urar Broadcom, a haɗa wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB, Linux za ta gane ta nan take, daga nan a sauke direban da ya ɓace. A saitin hanyar sadarwa akwai wurin da ake shaida wa kwamfuta cewa wannan layi na awo ne, abin da ke rage saukewar da take yi a ɓoye. Mint tana da Timeshift, mai ɗaukar hoton manhaja yadda za a koma baya idan sabuntawa ta ɓata wani abu. Masu Windows da Linux a na'ura ɗaya za su ga agogo na saɓawa da awa guda, domin Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuwa a kan na gida. Saiti ɗaya ke gyara shi.

Firintocin HP sun fi sauƙin sha'ani saboda kamfanin na da direbobinsa na Linux mai suna HPLIP. Na Canon da Epson wani lokaci sai an nemo nasu daga shafin kamfanin. Cutar nan da ke mayar da fayilolin filashi gajerun alamomi, wadda ta addabi shagunan buga takardu, don Windows aka rubuta ta, ba ta tashi a Linux, har ma ana iya buɗe filashin da ya kamu a ga fayilolin da ta ɓoye a kwashe su. Wannan bai sa Linux ta gagari kowace cuta ba, kuma ba ta hana mutum miƙa lambar sirrinsa ta banki ga ɗan damfara.

Rubutun Times New Roman da Calibri mallakar kamfani ne, ba sa zuwa a ciki. Liberation Serif da Carlito an yi su da faɗin haruffa daidai da nasu, yadda takardar ɗalibi ba za ta ƙaru ko ta ragu da shafi ba.

Ga marubucin Hausa akwai wani alheri da ba a cika ambata ba. A jerin tsare-tsaren allon madannai akwai na Hausar Najeriya, wanda ke ba da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da an sayi komai ba, kuma rubutun DejaVu da Noto suna nuna su daidai. Masu Ajami ma ba a bar su a baya ba: cibiyar SIL ta fitar da rubutu biyu na kyauta, Alkalami mai kama da hannun malaman Kano, da Harmattan mai bin salon Warshu na Afirka ta Yamma, kuma dukansu suna cikin rumbun manhajojin Debian da Ubuntu. Makarantar da ba ta da intanet za ta iya ɗora Kiwix, ta sauke Wikipedia ta Hausa ko ta Turanci sau ɗaya, ɗalibai su riƙa karantawa ko layi ya ɗauke.

Filashin da aka yi ɗorawar da shi kuwa kada a goge shi. Ranar da wata kwamfuta ta ƙi tashi, ko da mai Windows ce, da shi za a tayar da ita a kwashe takardun da ke ciki kafin a soma neman mai gyara.